Sun gyara falon, sun ƙara wa ƙofar sakata

Wannan magana ta yadda kamfanonin jiragen sama ke tsaurara shiga falon hutawa na filin jirgi ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai bari in amayar da ita. Masu cewa wannan kukan masu ƙoshi ne, na ji, ban kuma musa ba. Amma duk wanda ya taɓa kwana a zaune kan kujerar ƙarfe a filin jirgin ƙasar da ba tasa ba, jaka a tsakanin ƙafafunsa, yana gyangyaɗi yana farkawa don kada jirgin asuba ya tashi ya bar shi, ya san ba shagwaɓa nake yi ba.

Yadi da leshi nake sarowa. Da can duk inda tikiti ya yi sauƙi nan nake bi, yau ta Adis Ababa, gobe ta Alƙahira, jibi ta Doha ko Istanbul. Daga baya wani aboki ya koya mini tara makin da kamfanonin jirgi ke ba mai yawan tafiya da su, na liƙe wa kamfani guda har na kai matakin katin zinare. Ban taɓa sayen kujerar gaba da kuɗina ba, kullum a baya nake zama tare da jama'a. Amma katin yana buɗe mini falon hutawa, kuma ga mai zangon awa bakwai ko takwas wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka watsa ruwa, ka yi alwala a banɗaki mai tsabta, ka rama sallolinka, ka sa waya a caji, ka miƙe ƙafa. Abincin ma ni ba shi ne a gabana ba, duk da na san cikinmu akwai waɗanda ba sa iya kai loma baki sai sun ɗauki hoton farantin sun ɗora a sitatus.

A tafiyata ta baya-bayan nan na haɗu da wani dattijo, maƙwabcin shagonmu, wanda tun zamanin Nigeria Airways yake hawa jirgi. Jirgi ɗaya muka shiga daga gida, amma daga wurin zangon shi gari daban za shi. Na ga tafiyar ta jigata shi, na ce, "Baba, ku zo mu shiga ciki ku ɗan kishingiɗa, katina yana ɗaukar baƙo." Wata da watanni falon yana rufe ana gyara, ina ta ɗokin ganinsa. Muka isa, wallahi ya yi kyau, ƙasa sai ɗaukar ido take, fitilu kamar gidan biki. Ma'aikaciyar ta karɓi katin shiga jirgina, ta duba na'ura, ta yi murmushi irin wanda aka koya musu, ta ce wannan falon yanzu na masu tikitin kujerar gaba ne, namu yana ƙasa, can bayan shaguna. Muka gangara. A can kuma aka ce baƙona sai in jirginmu ɗaya, tun da ba ɗaya ba ne sai dai ya biya. Kunya ta rufe ni kamar in nutse. Dattijon ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, rabu da su, mu da muka saba kwana a tasha." Ba zan ambaci kamfanin ba, kuma yarinyar ba ta da laifi, abin da na'ura ta nuna mata ta faɗa.

Da na dawo na zauna na bi diddigin abin, sai na gane ba ni kaɗai aka yi wa sakiyar da ba ruwa ba. Iska ce ke kaɗawa a duk duniya, kuma gyaran falo da tsaurara dokar shiga tagwaye ne, ba ka ganin ɗaya sai da ɗan'uwansa.

Amurka ce ta fi fito da abin fili. A 2022 kamfanin jirgin sama na Delta ya ce ba mai shiga falonsa sai ya rage awa 3 jirginsa ya tashi, in ba mai yada zango ba ne. A watan Satumba na 2023 ya sanar cewa masu katin banki na American Express Platinum sau 6 kawai za su riƙa shiga a shekara, masu katin Reserve sau 10. Jama'a suka yi caa, har shugaban kamfanin, Ed Bastian, ya fito ya amsa cewa sun wuce gona da iri. Wata guda bayan nan aka mayar da shi 10 da 15, dokar ta fara aiki a Fabrairun 2025. Wanda ke son shiga ba adadi kuwa, sai ya kashe dala 75,000 da katin a shekara guda, wajen naira miliyan 100 ke nan. Mai tikiti mafi araha ma tun farkon 2024 aka ce masa ko yana da katin ya nemi wuri a waje. To ana cikin wannan rage-ragen, a watan Yunin 2024, sai ga shi sun buɗe wani ƙasaitaccen falo a filin jirgin JFK na New York, faɗinsa ya haura murabba'in ƙafa 39,000, har da gidan abinci da ake kawo maka kan tebur. Na wa? Na masu tikitin gaba na dogon zango da wasu 'yan tsirarun da aka zaɓa. Ka ga an gina falo a cikin falo.

Wanda ya fi taɓa mutanenmu shi ne na British Airways, tun da yana sauka Abuja da Legas. Da, nisan tafiyarka da irin kujerar da ka zauna ake dubawa a ba ka maki, 600 ka zama mai azurfa, 1,500 ka zama mai zinare, kuma daga azurfa ake fara shiga falo. A ƙarshen Disambar 2024, ana tsakiyar hutun ƙarshen shekara, suka sanar cewa daga Afrilun 2025 fam ɗaya maki ɗaya: azurfa 7,500, zinare 20,000. Da surutu ya yi yawa sun ɗan sassauta, suka bar ƙofar yawan hawa ga mai neman azurfa, amma saƙon ya riga ya isa. Ba a tambayarka sau nawa ka zo, nawa ka ajiye ake tambaya. Iya kuɗinka iya shagalinka.

A Doha ma haka tsarin yake. Falon Al Mourjan na Qatar Airways, wanda aka yi wa ƙari da sabon reshe mai kallon lambu a 2023, na masu tikitin gaba ne. Mai katin daraja da ke zaune a baya yana da nasa falon daban. Kai, ko kujerar gaban ma yanzu hawa-hawa ce: Qatar Airways da Emirates duka suna sayar da wani nau'in tikitin gaba mai rahusa wanda ba falo a cikinsa. A Istanbul an raba gida biyu tun da aka koma sabon filin a 2019, sai dai a nan zan yi adalci, na masu katin bai yi nisa da na masu tikitin ba wajen kyau.

Kada in yi son kai, cunkoson gaskiya ne. Na sha shiga falo in tarar babu wurin zama, mutane a tsaitsaye da faranti a hannu kamar gidan suna, layin wanka ya fi na shige da fice tsawo. Kuma mu ma muna da namu halin, mutum ɗaya da kati ɗaya yana so ya shige da uwargida da amarya da yara biyar da ƙanin matarsa, in an hana shi ya ce wariyar launin fata ce. Ba wariya ba ce, Alhaji, ƙa'idar baƙo ɗaya tun asali take. Ko American Express ma tun Fabrairun 2023 dala 50 yake karɓa kan kowane baƙo babba a falukansa, kuma ba mu aka yi wa dokar ba.

Amma wa ya cika falon? Ba ɗan kasuwar da ke zirga-zirga sau goma a shekara ba ne. Kamfanonin da kansu suka sayar wa bankuna mabuɗin ƙofar. A 2023 kaɗai Delta ya samu kusan dala biliyan 6.8 daga hulɗarsa da American Express. Ga kuma irin su Priority Pass, katin shiga falukan filayen jirgi da aka kafa tun 1992, wanda bankuna ke liƙa wa katunansu kyauta don jawo kwastoma, har mai tafiya sau ɗaya a shekara yana riƙe da shi. Kun karɓi kuɗin banki, kun raba gayyata ta fi girman zauren, da wuri ya cika sai kuka waiwayo kan wanda ya yi shekaru yana biye da ku. An bar jaki ana dukan taiki.

Wani abin dariya, in ka duba asalin falon sai ka ga gida ake komawa. Na farko American Airlines ne ya buɗe a filin LaGuardia na New York a 1939, kuma ba a sayen shiga, sai wanda manyan kamfanin suka ga dama suka gayyata. Sai a 1967 aka fara barin mutum ya biya kuɗin shekara ya zama mamba. Tsarin tara maki kuwa a 1981 ya kankama. Wato ɗan tsakanin nan da talaka mai yawan tafiya ya samu ya leƙa ciki, aro aka ba shi, yanzu mai kaya ya zo karɓar kayansa.

Gidansu ne, suna da ikon sa dokar da suke so. Abin da ban yafe ba shi ne a sa mutum ya yi shekara guda yana biyan tikiti mai tsada, yana ƙin mai araha, yana jure zango mai tsawo don ya riƙe matakinsa, sai ya kai gaci a ce an canza ma'auni. Ko a kasuwa in ka yi wa mutum alkawarin ragi in ya ɗauki dila goma, ba ka jira sai ya biya ta tara sannan ka ce ai dila ashirin kake nufi. Wanda ya yi haka a layinmu, kafin la'asar labarinsa ya zaga.

A gida Najeriya kuwa lissafin daban ne, falo ba maki yake tambaya ba, wa ka sani yake tambaya. Mai muƙami ya shigo da 'yan rakiya takwas, a buɗe masa ƙofar gefe. Sai a watan Mayun 2024 Majalisar Zartaswa ta amince cewa manya ma su riƙa biyan kuɗin shiga ƙofar filin jirgi, bayan ministan sufurin jiragen sama, Festus Keyamo, ya kai ƙorafi. Ku duba fa, kuɗin ƙofa kawai. A 2025 kuma an amince da sama da naira biliyan 700 don sake gina tsohon ginin filin jirgin Murtala Muhammed da ke Legas. Roƙona ga masu zanen, kafin su fara auna falon manya, su ƙirga kujerun babban zaure, da wuraren cajin waya, da famfunan alwala, da banɗakin da tsohuwa mai tafiya Umara za ta iya shiga ba tare da ta tattare zani ba. Da zauren kowa da kowa yana da waɗannan, rabin masu turmutsitsi a ƙofar falo ba za su je ba. Ina ma zargin wasu filayen jirgin da gangan suke barin wajen babu daɗi, don falon ya samu ciniki. Zargi ne nawa, na faɗa.

Daren jiya na ɗauko tikitocin bara na baje a kan tebur da kalkuleta. Abin da na ɗora a kan farashi mafi sauƙi don kawai in riƙe katin nan ya isa in biya kuɗin shiga falo a ƙofa a duk zangon da na yi, ni da baƙona, har canji ya rage. Katin zai mutu a watan Maris. Na riga na sayi tikitin tafiya ta gaba a wani kamfanin, zangon awa uku ne kacal, kuma na gaya wa Baba in ranarmu ta zo ɗaya ya taho da dardumarsa, ni zan taho da dabino da abin caji mai baki huɗu.