Ranar zabaya: a rage ɗaukar hoto, a duba fata

Tun da aka fara bikin ranar zabaya ta duniya a 2015, abin da muke gani duk 13 ga Yuni bai sauya ba. A tara su a zaure, a raba malafa da man kariya daga rana, matar wani babba ta yi jawabi, a ɗauki hoto, a watse. Ba a samun ko mutum ɗaya da zai ce wa zabiya, cire hular nan mu ga bayan kunnenka.

Alhali nan ne matsalar take. Sankarar fata da ke kashe zabaya ba ta faɗowa rana ɗaya. Da ɗan kaushi take farawa a leɓe, ko kunne, ko ƙeya, ta yi shekaru a haka kafin ta zama gyambon da ba ya warkewa. A matakin kaushi, likita zai daskare wurin da ruwan naitirojin, mutum ya koma gida a ranar. In ta zama gyambo kuwa, sai tiyata da gasa wurin da na'ura, sai sayar da gona.

Akwai madubin hannu mai fitila da likitocin fata ke kira damoskof, yana ƙara girman tabo kusan sau 10. A fatar zabiya ya fi amfani, domin babu baƙin launin da ido zai bi. Mugun tabo da marar illa duk ja-ja suke fitowa, sai da madubin ake ganin tsarin ƙananan jijiyoyin jini da ɓawon da ke saman tabon, a san wanda ya kamata a yanka a kai ɗakin gwaji.

Masu cewa sai ƙwararren likita ne zai iya aiki da shi, su gaya mana likitocin fata nawa ne a jiharsu. A Moshi ta Tanzaniya, cibiyar horar da masu kula da fata ta daɗe tana koyar da ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba, kuma ana bin zabaya har yankunansu ana duba su. Batun tsada kuma abin kunya ne a bakin wanda ya kama zauren otel don jawabi.

Ba raina man shafawa nake ba, amma ba ya goge abin da rana ta riga ta shuka a fatar manomi ko ɗan talla. A ajiye madubin a kowane babban asibitin jiha, a horar da ma'aikata biyu, a ware ranar da zabaya za su zo duba duk wata shida.