Ihun 'yan kallo gaskiya ne, amma ba ya hango makomar ɗan kokawa

A daren 25 ga Janairun 2015, a birnin Filadelfiya na Amurka, Roman Reigns ya wurgo mutum na ƙarshe daga kan dandamali, ya lashe gasar Royal Rumble, wadda 'yan kokawa 30 ke shigowa ɗaya bayan ɗaya ana wurgo juna waje har a bar mutum ɗaya. A lissafin kamfanin kokawa na WWE, mai shirya gasar, daren naɗin sabon gwarzo ke nan. Sai zauren ya kaure da ihun ƙi. Aka turo shahararren ɗan kokawa The Rock, wanda ko tari ya yi akan yi masa tafi, ya zo ya kama hannun Reigns ya ɗaga sama. Ihun bai ragu ba ko kaɗan. Wanda ya kalli wasan ba zai manta da fuskar The Rock ba: ya haɗe gira yana waige-waige, kamar mai shakkar abin da kunnensa ke jiye masa.

Kafin gari ya waye masoya kokawa sun yanke hukunci a intanet. An ce Reigns bai iya magana ba, ba shi da farin jini, tsayi da gashi kawai aka duba aka ɗora shi, kuma nan da shekara biyu za a manta da shi. Ni ma a lokacin na yarda da kusan duk wannan. Wannan mutumin da aka yi wa jana'iza da ransa shi ne ya ɗauki kambun Universal, ɗaya daga manyan kambunan WWE, a ranar 30 ga Agustan 2020, ya riƙe shi kwana 1,316 a jere.

To shin 'yan kallon Filadelfiya sun yi kuskure? A ganina ba su yi ba. Abin da suka ƙi a wannan dare ya cancanci ƙi. Kuskuren ya zo ne daga baya, lokacin da muka ɗauki ihun dare ɗaya muka mayar da shi hukunci a kan rayuwar mutum gaba ɗaya.

Kokawar zamani, wadda wasu ke kira reslin, wasa ne da aka tsara wanda zai yi nasara tun kafin a hau dandamali. Faɗuwar gaskiya ce, ciwon ma gaskiya ne, amma labarin rubutacce ne. Kamfani ke zaɓar wa ɗan wasa suna, tufafi, kiɗan shigowa, da ko zai fito a jarumi ko a mugu. A zamanin Vince McMahon, tsohon shugaban WWE, sau da yawa har kalmomin da zai furta akan rubuta masa. Saboda haka idan ka ji zaure ya ɗauki ihu, ka fara tambayar kanka: mutumin ake ƙi, ko rigar da aka sa masa? Reigns na 2015 an sa shi murmushi da barkwancin da bai dace da bakinsa ba, ana so ya zama kwafin John Cena, babban jarumin kamfanin a lokacin. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma kowa ya ga hakan. Da ya dawo a 2020 a matsayin mugu, shugaban dangi mai izza, mashawarcinsa Paul Heyman na biye da shi yana rusunawa, sai ga wani mutum daban: mai magana a hankali, mai kallon raini, wanda shirunsa ma kan cika zaure. Jikin bai canza ba, muryar ma ita ce. An daina tilasta masa abin da ba nasa ba ne kawai.

A nan dole a ba 'yan kallo haƙƙinsu. Kunnen taro ba ya ɓata wajen gane ƙarya. A 1996 an shigo da wani matashi mai suna Rocky Maivia, yana ta yaƙe haƙora cikin kaya masu walƙiya, aka yi ta rera masa waƙar tsana har sai da aka juya shi ya zama mugu a 1997, daga nan The Rock ya fito. A 2014 an ba Batista nasarar Royal Rumble, jama'a suka ƙi, har Rey Mysterio da kowa ke so ya sha ihu don kawai shi ne ya fito a lamba ta 30, wato ta ƙarshe, ba Daniel Bryan da suke jira ba. Ala tilas kamfanin ya sake rubuta labarinsa, Bryan ya doke Triple H, sannan ya doke Randy Orton da Batista a dare guda a WrestleMania 30, wato karo na 30 na babban taron WWE na shekara-shekara. A 2018 an tsara Becky Lynch ta ci amanar ƙawarta Charlotte Flair don a tsane ta, sai sowa ta tashi a maimakon ihu, kuma cikin wata takwas tana cikin mata uku da suka fara yin babban wasan rufe taron WrestleMania a tarihi, ita ce ma ta yi nasara. A duk waɗannan, masu biyan kuɗin tikiti sun riga marubuta ganin gaskiya.

Amma gane abin da ke gabanka daban, hango abin da ke tafe daban. A wannan na biyun tarihinmu bai yi kyau ba, kuma ba mu cika tsayawa mu amsa hakan ba.

Ɗauki Cody Rhodes. Daga 2014 zuwa 2016 an shafa masa fenti a fuska, an raɗa masa suna Stardust, yana huci kamar mage yana surutai a kan taurari. Mutum nawa ne a cikinmu suka kalle shi a lokacin suka ce ga wanda zai zama fuskar kamfanin nan gaba? Ya nemi a sallame shi a 2016, ya shiga yawon ƙananan kamfanoni da Japan, ya kasance cikin waɗanda suka shirya taron All In a 2018 wanda ya sayar da tikiti sama da 10,000, aka kafa kamfanin kokawa na AEW da shi a 2019, sannan ya koma WWE a 2022. A watan Yuni na wannan shekara, kafin karawarsa da Seth Rollins a cikin keji, ya cire rigarsa a hankali, sai ga rabin ƙirjinsa da damtsensa sun yi baƙi-ƙirin da taruwar jini, domin tsokar ƙirjin ta tsinke daga ƙashi kwanaki kaɗan kafin wasan. Zauren ya yi tsit. A haka ya yi kokawar, kuma ya ci. Babu marubucin da ya rubuta wannan ciwo, babu kuma mai sharhin da ya hango wannan zuciya a ƙarƙashin fentin Stardust.

Drew McIntyre ma haka. McMahon da kansa ya nuna shi a 2009 a matsayin zakaran gobe, daga baya ya ƙare a ƙungiyar barkwanci ta 3MB, aka sallame shi a 2014. Ya dawo a 2017, ya lashe Royal Rumble a 2020, ya kayar da Brock Lesnar ya ɗauki kambu. Abin tausayi, a zauren da babu kowa aka yi, saboda annobar korona. LA Knight kuwa an mayar da shi manajan masu tallan kayan ƙawa da sunan Max Dupri a 2022, yana dab da shekara 40, kuma da yawa sun ce ya tsufa, jirgi ya bar shi. Shekara ɗaya bayan haka zaure guda ke amsa masa kowace kalma.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wanda ya fi ci min rai: waɗanda muka so da gaske, muka rantse za su kai ƙololuwa, amma son bai kai su ba. Zack Ryder ya gina farin jininsa da hannunsa a YouTube a 2011, ya ɗauki kambun Amurka a ƙarshen shekarar, cikin 'yan makonni aka karɓe, aka bar shi ya dusashe. Cesaro, wanda a iya kokawa zalla ba su fi a ƙirga da yatsu ba waɗanda suka kamo shi a zamaninsa, ya bar WWE a 2022 bai taɓa riƙe babban kambunta ba. Sai Kofi Kingston, haifaffen Ghana da aka yi kusan shekara biyu ana tallata shi a matsayin ɗan Jamaika. Ya yi shekara 11 yana jira, dama ta zo masa a 2019 don wani ya ji ciwo aka sa shi a gurbinsa, jama'a suka tsaya masa tsayin daka har ya ɗauki kambun WWE a WrestleMania 35. Manya sun yi kuka a wannan dare. Bayan wata shida aka sa Lesnar ya kayar da shi cikin ƙasa da daƙiƙa 10, aka wuce kamar ba a yi ba. Har yau ina ganin wannan rashin adalci ne ga mutumin da ga waɗanda suka ɗaga shi.

Har abin da muke roƙo ma ba kullum muke sanin ko muna sonsa ba. An shafe shekaru ana kiran a mayar da John Cena mugu. A ranar 1 ga Maris na 2025, a Toronto, aka yi hakan, ya far wa Cody Rhodes. Me ya biyo baya? Zauruka da dama suka ci gaba da yi masa sowa, domin shekararsa ce ta ban kwana kuma babu mai son rabuwa da shi cikin tsana. Ya ɗauki kambun duniya karo na 17, amma kafin taron SummerSlam na watan Agusta an janye muguntar.

Dalilin da ya sa hasashenmu ke yawan faɗuwa ba ɓoyayye ba ne. Abubuwan da ke yanke makomar ɗan kokawa yawancinsu ba sa fitowa a talabijin: wa ke riƙe da alƙalami a wannan shekara, yaya kwantiraginsa yake, wa ya ji ciwo aka samu gurbi, yaya zamansa da abokan aiki a bayan fage. Sama da duka akwai jiki. Daniel Bryan da aka yi wa wancan gagarumin yaƙi ya sauka daga kambun cikin wata biyu saboda ciwon wuya, ya yi ritaya a 2016 saboda yawan buguwar kai, sai a 2018 likitoci suka bar shi ya dawo. Big E ya rasa kambun WWE a ranar farko ta 2022, a watan Maris ya faɗi a kan kansa a gefen dandamali ya karya wuya, tafiyarsa ta tsaya cak. Wane mai sharhi ne ya sa wannan a lissafinsa?

Ba ina cewa a daina muhawara ba ne. Musun wa ya cancanci kambu da wa aka danne shi ne rabin daɗin kallon. Abin da nake ƙi shi ne inda musu ke rikiɗewa ya koma cin mutuncin mutumin da ke cikin rigar. Ihu a zaure wani ɓangare ne na wasan, mugu ma nemansa yake yi, da shi yake cin abinci. Bin mutum har shafinsa ana zagin iyalinsa ana yi masa fatan mutuwa kuwa ba kallon kokawa ba ne. Hana Kimura, 'yar kokawar Japan, ta rasu a Mayun 2020 tana da shekara 22, bayan ruwan zagin da aka yi ta yi mata a intanet kan wani shirin talabijin da ta fito a ciki. Sai da abin ya kai Japan ta tsaurara hukuncin cin mutunci a 2022.

Shi kansa Reigns ya ɗanɗani irin wannan. Washegarin da ya doke The Undertaker a 2017, ya tsaya a tsakiyar dandamali kusan minti goma, duk sanda ya kai makirufo bakinsa sai ihu da ashar su taso, ya sauke, ya jira, ya sake ɗagawa. Bayan shekara ɗaya da rabi, a Oktoban 2018, ya fito da kambu a kafaɗa ana yi masa ihun da aka saba. Ya ce sunansa na gaskiya Joe, ya shekara 11 yana rayuwa da sankarar jini, kuma ta dawo. Ya ajiye kambun a ƙasa. Ihun ya mutu nan take, mutanen da suka zo da niyyar zaginsa suka miƙe suna kiran sunansa. Duk shekarun da aka yi ana cewa an fifita shi ba tare da ya sha wahala ba, yana ɗauke da wannan a jikinsa bai faɗa ba.

A ranar 7 ga Afrilun 2024 Cody Rhodes, tsohon Stardust, ya kawo ƙarshen mulkin Reigns na kwana 1,316, kuma a Filadelfiya aka yi, garin da ya ƙi shi shekara tara da suka wuce. Reigns ya ɓace na wata huɗu. A tsawon wannan lokaci zauruka suka yi ta rera sunansa suna neman ya dawo, har daren SummerSlam na watan Agusta, lokacin da kiɗansa ya tashi filin wasa na Cleveland ya miƙe tsaye gaba ɗaya.