Yadda motata ta tafi ta bar ni a durƙushe gaban surukina

Duk wanda ya koyi tuƙi a Kano yana iya shekara goma bai san amfanin birkin hannu ba, domin ƙasar a shimfiɗe take kamar faifai, inda ka ajiye mota nan za ka dawo ka same ta. Ni dai a wurina sandar nan da ke tsakanin kujerun gaba wurin rataye carbi ce, kuma ina jan ta ne idan na tsaya saboda na ga haka sauran direbobi suke yi.

Asirina ya tonu ne ranar da na kai uwargida ganin gida a Jos, garin da ke bisa tsauni mai tsawon kimanin mita 1,200. Surukina yana zaune a unguwar Gangare, kuma da ina da basira, da sunan unguwar kaɗai ya ishe ni gargaɗi. Mun taso daga Kano da sassafe, muka ratsa dajin Falgore, muka bi ta Saminaka, muka isa bayan la'asar. Na tsaya a ƙofar gida, na bar giya a firi kamar yadda na saba, na ja birkin hannu, na gyara zaman hula, na shiga zaure na durƙusa.

Ban kai ga tambayar mutanen gida ba sai wani yaro ya leƙo, ya yi sallama cikin ladabi, ya ce: "Baba, motar baƙo tana tafiya."

Surukina ya dube ni ya ce: "Malam, da direba kuka zo?"

Ban tuna yadda na fita daga zauren ba, amma an ce da takalmi ɗaya na fita. Na hango motar tana gangarawa a natse, babu gaggawa, kamar mai zuwa masallaci da sauran lokaci. Ta wuce mai rake, ta tarwatsa taron awaki, sannan ta soka hancinta cikin tulin yashin wani bawan Allah da ke gini. Allah ya kiyaye, ba ta taɓa kowa ba, sai dai mutuncina, wanda ya iso wurin a guje da babbar riga a hammata.

Nan take unguwa ta zama makarantar kanikanci. Wani ya ce man birki ne ya ƙare, wani ya ce motar Kano ce ba ta saba da sanyi ba, wata tsohuwa kuma ta ce a bincika ko an ajiye ta a kan hanyar mutanen ɓoye. Maganar mai ce ta fi kwanta mini, saboda ita ce ta fi araha. Na aika aka sayo gwangwani guda, na buɗe bonet a gaban jama'a da fuskar wanda ya san abin da yake yi, na tarar da robar man a cike, amma tunda an riga an saya kuma mutane suna kallo, sai na ƙara har ya tumbatsa. Muka tura motar sama, na ja sandar da dukkan ƙarfina, na ce a saki. Aka saki, ta kama hanyar yashi. A daren nan da duwatsu huɗu a ƙarƙashin tayoyi ta kwana.

Washegari ƙanen uwargida ya raka ni garejin wani dattijon bakanike. Da na ba shi labarin man da na ƙara, bai yi dariya ba, yaransa ne suka yi a madadinsa. Ya ce mini birkin ƙafa ne yake aiki da mai, yana kama tayoyi huɗu, shi kuwa na hannu babu ruwansa da mai, waya ce ta ƙarfe take tashi daga gindin sandar ta rabu biyu zuwa tayoyin baya, an yi shi haka ne domin ko mai ya tsiyaye a sami abin da zai riƙe mota. "Abin da ka yi, Malam, kamar mutum ne igiyar gugarsa ta tsinke, ya je yana ƙara wa rijiya ruwa."

Ya shiga motar ya ja sandar a hankali yana ƙirga ƙas-ƙas ɗin da take yi. Ya kai 13, sandar tana nuna rufin mota, ba ta yi masa gardama ko sau ɗaya ba. Ya ce lafiyayyen birki tun kafin rabin haka yake yin tauri a hannu. Na yi maza na ce ai waya ce ta tsinke, kuma na san wanda ya tsinka ta, babban ɗana ne da yake shiga motar yana wasan direba. Dattijon ya ce mu bari motar ta faɗa da bakinta.

Aka sa waigi a tayoyin gaba, aka ɗaga bayan da jak. Sandar tana sama, wani yaro ya taɓa tayar hagu da hannu ɗaya, ta juya kamar fanka, ta dama ma haka. Dattijon ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ya sa yaron yana ja yana saki, ya daɗe yana kallo, ya fito ya ce wayar tana motsi ta ɓangarorin biyu, ba ta tsinke ba, ba ta kuma yi tsatsar da takan maƙale ta cikin bututunta bayan damina ba. Haka aka wanke ɗana daga zargi, shi yana Kano bai ma san an gurfanar da shi ba. Na koma kan uwargida, wadda ta taɓa koyon mota da ita sau biyu a filin makaranta, amma da na tuna ƙanenta yana tsaye a bayana sai na haɗiye maganar.

Sai aka kwance taya aka ciro kwanon ƙarfen da suke kira daram. Baƙar ƙura ta zubo. A ciki akwai takalman birki guda biyu masu siffar jinjirin wata, waɗanda kanikawa ke cewa shu, su ne wayar take buɗawa su manne da cikin kwanon. Nawa sun suɗe kamar silifas ɗin da ya shekara uku a ƙofar banɗaki, ƙarfe kawai ya rage, cikin kwanon kuma ya yi shuɗi-shuɗi alamar ya sha zafi. Ya shafa ko'ina da yatsa bai ga yoyon mai ba. Na tambaye shi me ya sa birkin ƙafa bai taɓa nuna mini komai ba, ya ce tayoyin gaba ne suke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, su suka yi ta rufa mini asiri.

Daga nan ya ce: "Malam, tsakaninka da Allah, ba ka taɓa jin ƙauri ba?"

Na ji mana. A Falgore na ji shi sosai, har na yi wa uwargida lacca a kan masu ƙona daji. Na kuma yi watanni ina ƙorafin cewa motar ba ta ja kuma tana shan mai, ina ɗora laifin a kan masu sayar da fetur.

Ya koma ciki ya sauke sandar, ya danna ta, ya sake dannawa, ta ƙi kaiwa ƙasa. Idonsa ya kai kan wani baƙin salatif da ke manne a gilashin da ke bayan sitiyari, ya ɓare shi, sai ga jar fitila tana ci. Ni na rufe ta da hannuna tun azumin bara, saboda ta ƙi mutuwa kuma tana damuna da dare. Ya ce aikinta ke nan ta gaya wa direba cewa birkin hannu bai sauka ba, ko man birki ya yi ƙasa. Ya zura sukudireba a ƙarƙashin fatar da ke gindin sandar, ya yi ta ƙwaƙula, har wani abu ya faɗo a tafin hannunsa. Ƙwallon goruba ne, an gwaigwaye shi tas. Shi ya tokare sandar, takalman suka yi ta gugar kwano daga Kano har Jos da duk inda na je kafin nan.

Na ce lallai yaran nan sai na saɓa musu. Ƙanen uwargida ya yi gyaran murya ya ce, ai Yaya ta ce kai ne kake cin goruba a mota tun da aka gaya maka tana maganin hawan jini.

Aka sa sababbin takalma, aka ɗaure waya, sandar ta koma kamawa a ƙas na 5. Da na biya kuɗi, dattijon ya zuba mini tsofaffin takalman a leda ya ɗora ƙwallon a sama, ya ce shi ma a cikin kayan motar aka ciro shi. Na koma Gangare na tsaya a wurin jiya, na ja birki, na sa giya ɗaya, na karya sitiyari wajen katanga, na shiga zaure na durƙusa domin in ƙarasa gaisuwar da na bari. Surukina ya amsa da fara'a, sannan ya kira yaron nan ya ce ya je ya zauna a ƙofar gida da dutse a hannu.