Bakatsine Ya Sassaƙa Filafili

Wani Bakatsine ne ya yi ritaya, zaman gida ya ishe shi. Jikansa ya nuna masa a YouTube yadda Turawan Kanada ke shiga gareji ranar hutu suna sassaƙa filafilin tuƙa kwalekwale, don sha'awa kawai. Mutuminka ya sayo gizago da magagari da samfefa, ya kulle kansa a zaure wata uku. Da ya gama sai ya naɗe abin a tsohon zanen uwargida, ya hau mota sai Argungu, wajen abokin wasansa Bakabe. Ya tarar da shi bakin gulbi yana ɗinkin homa.

Bakabe: A'a, bawana, lale! Gawar wa ka saɓo haka?

Bakatsine: Ubangidanka ya zo, maimakon ka karɓi kaya sai surutu. Kwance ka ga aiki.

Bakabe: Wash, ƙuguna! Wanga tabarya ce ko ƙyauren shago?

Bakatsine: Filafili ne. Da hannuna na sassaƙa shi.

Bakabe: Madalla. To ina jirgin?

Bakatsine: Ba ni da jirgi.

Bakabe: Ina ruwan?

Bakatsine: Ina ruwanka?

Bakabe: Ai nawa ga shi nan gabanka yana gudu. Naka nake tambaya.

Bakatsine: Muna da dam ɗin Ajiwa, muna da Zobe, muna da Jibiya. Kuma ni ba don tuƙi na yi ba. Turawa a bango suke rataye irinsa, baƙo ya zo ya yaba.

Bakabe: Ka rataya wanga a bango, in bangon ya kwana ka zo in ba ka sa. Da wane icce ka yi shi?

Bakatsine: Ƙirya. Na ce wa mai katako ya ba ni wanda gara ba ta ci.

Bakabe: Bai cuce ka ba, kai ka cuci kanka. Ƙirya ta turmi ce da tabarya, gawayinta kuma na maƙera. Shi filafili icce ake nema mai ƙwari marar nauyi, wanda ya bushe sarai, don yini za ka yi kana ɗaga shi kana tsomawa. In ya suɓuce kuma ya taso saman ruwa ka miƙa hannu ka ɗauka. Ka bari ta bushe ma kuwa?

Bakatsine: Mai katako ya ce sati biyu da sarowa.

Bakabe: Ɗanya shataf ke nan. To wanga tsawo fa? Kanya za ka zunguro?

Bakatsine: Baturen ya ce a kafa shi ƙasa, ya kawo wa mutum haɓa.

Bakabe: Haɓar wa? Raƙumi?

Bakatsine: Tasa mana. Na ga dogo ne, sai na ƙiyasta.

Bakabe ya juya filafilin da ƙyar, ya bi shi da babban yatsa daga mariƙi har baki, yana girgiza kai. A gaskiya mutuminka ya yi ƙoƙari wajen ado. Ya zana dagi, ya zana hasumiyar Gobarau, har da lambar wayarsa wai ko da zai ɓace.

Bakabe: Dubi nan. Jijiyar icce miƙewa ake so ta yi tun daga sama har ƙasa, taka ta karkace kamar hanyar maye. Ga ƙulli a wuya, daidai inda ƙarfi ke taruwa. Ba don ƙirya ba ce, nan zai ɓalle. Bakin kuma fiƙe shi ake yi ya yi siriri, ya shiga ruwa sulum, kifi bai ji ba. Naka in ya faɗa ruwa har na Yawuri sai sun watse.

Bakatsine: Hassada ce. Ba ka ga ƙyalli ba? Banish gwangwani biyu na shafa.

Bakabe: Har mariƙin? Mu nan mai kawai muke ɗan goga masa, saura gumi ya ƙarasa. Wanga in ya jiƙe, kafin la'asar hannunka ya yi bororo, gobe ya yi kanta.

Bakatsine: Ai Kanta naku ne, ku riƙe abinku.

Bakabe: Kul! Sarkin da ya gina Surame kake sa wa baki? Shiga jirgi mu gwada, in ka isa.

Bakatsine: Yanzu? Ai ban yi azahar ba.

Bakabe: Hantsi bai dubi ludayi ba.

Bakatsine: Rigar ma sabuwa ce, shadda.

Bakabe: Tsoro kake ji.

Bakatsine: Ni? Na Dikko ɗakin kara? Kunya gare mu, ba dai tsoro ba.

Bakabe: To kunyar wa kake ji?

Bakatsine: Ta ruwan. Ba mu saba ba.

Da ƙyar yara biyu suka kama shi ya shiga, ya zauna a tsakiya ya rungume gora, wadda masunta ke dafawa su yi iyo. Bakabe ya ajiye nasa filafilin a gaɓa, ya ce yau na baƙo za a ci. Ya tunkuɗa jirgi da ƙafa, ruwa ya ja su.

Bakabe: Bismillah, tuƙa.

Bakatsine: Ta wane ɓari?

Bakabe: Wata uku kana sassaƙa, ba ka kalli inda ake tuƙin ba?

Bakatsine: Data ce ta ƙare.

Ya miƙe filafili da hannu biyu, ya tsoma. Nauyi ya rinjaye shi, jirgi ya karkata, ya ga ruwa ƙuru-ƙuru a gaban hancinsa. Sai ya saki. Tsulum! Ko kumfa ba ta daɗe ba.

Bakatsine: Zai taso, ko?

Bakabe: Ran tashin ƙiyama.

Bakatsine: Faɗa ka ɗauko mini! Ba ku ne 'yan ruwa ba?

Bakabe: Ka san inda muke? Matan Fada ke nan. Ba mai taɓa abin da ke cikin wanga ruwa sai ranar bikin kamun kifi, in Sarkin Ruwa ya ba da izini. Ka dawo lokacin. Kifi mafi nauyi ke cin kyauta, kuma tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo aka fara, ban ji an fito da giwan ruwa mai lambar waya ba. Wanda ya kamo shi zai kira ka.

Bakatsine: To yanzu da me za mu koma gaɓa?

Bakabe: Ciro hularka ka fara tuƙi.

Bakatsine: Zanna Bukar ce fa!

Bakabe: Ta fi filafilinka, ita aƙalla tana tasowa.

Mutuminka ya tuɓe hula yana kwasar ruwa, yana salati. Can da ya ga gaɓa ta matso, murya ta dawo masa.

Bakatsine: Kada ka damu da wancan, bawana. Na gwaji ne. Akwai sauran goma sha ɗaya a zaure, duk kai na yi wa.