Ku daina lafta wa injin babur gam, ku nemo inda baƙin mai yake yoyo

Abin da wasu makanikan babur suke yi wa jama'a a kan yoyon baƙin mai ya isa haka nan. Mutum ya tashi da safe ya tarar da ɗigon mai a zaure inda ya jingine tsohuwar Boxer ko Jincheng ɗinsa, ya kai gareji, bakanike ko tsugunawa bai yi ba, sai ya ɗauko jan gam ya lafta a gefen inji ya ce, "Oga an gama, kawo na aiki." Kwana uku tsakani ɗigo ya dawo. A sake komawa, a sake lafta gam, a sake karɓar kuɗi. Wannan zalunci ne, kuma wanda ake yi wa talaka ne da babur ɗin nan ne abincin gidansa.

Injin babur irin na 100 ko 125 bai wuce ya ci lita ɗaya ta mai ba. Lita ɗaya tak. Idan rubu'inta ya zube ba a sani ba, saman inji ne zai fara jin jiki, daga nan sai ƙara, sai zafi, wata rana a tsakiyar hanya inji ya buga. Duk wanda ya ce maka "ai tsohon mashin dole ya yi yoyo" yana neman hanyar da zai guje wa aiki ne.

Inda mai yake ɗiga ba nan ne yake fita ba. Mai gangarowa yake yi daga sama, iska kuma tana kora shi baya in ana tafiya, ƙura ta manne a kai ta zama baƙin danƙo. Wanda ya kalli wannan danƙo ya ce ya gane inda matsalar take, cinta kawai yake yi. A fara wanke inji fes da kananzir da buroshi, a bi da ruwan sabulu, a bar shi ya bushe sarai. Sai a barbaɗa farar hoda a duk mahaɗar inji: murfin tafet, tsakanin kai da bulok, gindin bulok, murfin kuloci, wajen kik da wajen giya. A tayar da inji ya yi minti goma, a ɗan zaga da shi, a dawo a duba da tocila daga sama zuwa ƙasa. Wuri mafi tsayi da hodar ta jiƙe, nan ne mafarin yoyon. Duka-duka aikin rabin awa ne. Me ya sa ba a yi?

Sau da yawa ma abin bai kai ya kawo ba. Robar murfin tafet ce ta tsufa, ta taurare saboda zafi, in ka lanƙwasa ta sai ta tsage kamar busasshen ganye. A canza ta, magana ta ƙare. Wani lokacin kuma ba yoyo ba ne sam, tsohon mai ne da aka kwarara wa cen, wato sarƙar babur, yake fantsama ko'ina.

Notin juye mai kuwa, nan ne aka fi yin ɓarnar da take tayar da hankali. Akwai ƴar washa ta alminiyam ko tagulla a jikinsa wadda take matsewa ta toshe hanya, kuma idan ta baje sai a sa sabuwa. Maimakon haka sai a bar yaron gareji ya saka faif a sifana ya taka da ƙarfin tsiya. Noti ƙarfe ne, jikin inji alminiyam ne, zaren ramin da notin yake shiga a jikin inji ne zai ci. Da zare ya ci sai a naɗa leda ko zaren buhu a mayar, ba a gaya wa mai mashin ba. Ranar da notin nan ya faɗi ana gudu, man gaba ɗaya zai kwarare a gaban tayar baya. Rai fa ake magana a kai. Zaren da ya ci sai dai a sake yanka shi a sa noti mafi kauri, ko mai injin ƙira ya sa masa sabon zare.

Sai oyil sil, wato zoben robar da yake hana mai fita ta inda sanda ta fito daga inji. Akwai na sandar kik, na sandar giya, na bayan ƙaramin siraket mai jan cen, da na bayan magneto, wato abin da yake samar wa babur wuta a cikin murfin hagu. A injin da magnetonsa ba a cikin mai yake aiki ba, idan ka buɗe murfin hagu ka tarar da mai, ka duba sil ɗin bayan magneto da robar da wayar kwayil take fita ta cikinta. Na bayan siraket kuma ɗaure cen tamau ne yake kashe shi, domin cen ɗin yana jan sandar gefe guda har ya cinye sil da boris. Cen yana buƙatar wasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Wajen sa sabon sil, gefen da yake da ɗan sifirin shi ne yake kallon cikin inji, a shafa wa leɓensa mai, a ɗora soket mai faɗinsa a buga a hankali ya zauna daidai. Amma sai ka ga an ɓanɓaro tsohon da sukudireba an karce sanda, an doka sabon da guduma ya shiga a karkace. In sandar ta riga ta yi rami inda leɓen yake gogawa, ko sil goma aka canza ba zai riƙe ba. Ya kamata a faɗa wa mai abu gaskiya tun farko.

Akwai abin da kusan ba wanda yake dubawa: tiyon numfashin inji. Wannan ƴar roba ita take fitar da iskar da take taruwa a cikin inji. In laka ta toshe ta ko ta lanƙwashe, iskar za ta nemi hanya ta sil da gaskit (shimfiɗar da ake sawa a mahaɗar inji don hana yoyo), ta turo mai waje. Cika mai fiye da ƙima ma haka yake yi. In kuma ringin fistin ne ya cinye, za ka ga shuɗin hayaƙi a salansa da filogi mai maiƙo, kuma canza sil ba zai yi maganin komai ba sai an taɓa ringi.

Mu dawo kan gam ɗin, don shi ne ya fi ɓata rai. Malam bakanike, in ka shafa gam a mahaɗar murfi ka ɗaure, wanda ka ga ya bultso waje, daidai shi ya bultso ciki. Zafi zai dafa shi, ya ɓalle, ya bi mai. Buɗe rariyar mai ta injin da aka yi wa wannan aiki ka gani: jajayen zare-zare kamar tana sun lulluɓe ta. Wanda ya tsallake kuma ya je ya toshe siririyar hanyar da take kai mai saman inji. Mutum ya zo da ɗigo, ka sallame shi da injin da zai buga. Ga kuma masu yanka kwalin taliya su ce gaskit ne, alhali kuɗin gaskit na gaske bai kai na litar baƙin mai ba.

Gaskit ana sa shi ne a kan fuska mai tsabta. A kankare tsohon a hankali ba tare da an ƙwarzane alminiyam ba, a goge da fetur, a sa sabo. Ƙananan notocin murfi a ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, in aka sa dogo a ramin gajere yana iya fasa jikin inji.

Kai kuma mai babur, ka tsaya a kan aikinka. Ka ce a nuna maka inda hoda ta jiƙe, a ba ka tsohon sil ko gaskit ɗin da aka cire a hannunka. Bayan gyara ka kafe mashin a tsayuwar tsakiya a wuri mai daidai, ka jira minti uku bayan kashe inji, ka duba ma'aunin mai ya tsaya tsakanin layi biyu. Da daddare ka shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin inji. In ka ga ko ɗigo ɗaya da safe, ka koma da kwalin garejin, kuma kada ka ƙara biyan ko sisi a kan aikin da ka riga ka biya.