Jirgin share nakiya aka ƙera, aka tura shi fito-na-fito

Jama'a, in ana labarin teku a Yaƙin Duniya na Biyu, manyan jirage ake kawowa, masu igwa jere-jere da masu ɗaukar jiragen sama a bayansu. Ni yau kan wani ƙaramin jirgi zan yi magana, samfurin da ake kira Bathurst, wanda Ostireliya ta ƙera guda 60 tsakanin 1940 da 1944. A takarda sunansa jirgin share nakiyoyin ruwa. Ra'ayina a kansa shi ne: waɗanda suka zana shi sun yi aikin hankali, waɗanda suka yi shara da shi sun cancanci yabon da ba su samu ba, sannan labaran jarumtar da aka fi saninsa da su sun samo asali ne daga tura shi aikin da ba nasa ba.

Mu fara da irin haɗarin da ya nuna ana buƙatarsa. A ƙarshen 1940 wani jirgin Jamus mai shigar burtu, Pinguin, tare da wani da ya kama ya sa wa suna Passat, suka lallaɓo suka shuka nakiyoyi a hanyoyin ruwan kudanci da gabashin Ostireliya. Ranar 7 ga Nuwamba jirgin kaya Cambridge ya taka ɗaya ya nutse. Washegari City of Rayville ya bi shi, wanda shi ne jirgin kasuwancin Amurka na farko da ya nutse a yaƙin. Ƙasar da tsibiri ce, komai nata ta ruwa yake shiga ya fita, ba sai an kawo mata runduna ba. Nakiya kaɗan a bakin tasha ta isa ta tsayar da kasuwa, domin ba kyaftin ɗin da zai fito da jirginsa sai an tabbatar masa hanya ta tsarkaka.

Masu zanen sun san ƙasarsu. Ostireliya a lokacin ba ta da masana'antun da za su yi ta fitar da injinan zamani masu wuyar haɗi irin na manyan jiragen yaƙi. Saboda haka suka zaɓi tsohon injin tururi mai fistin, irin wanda maƙeran jirgin ƙasa suka saba da shi, kuma wasu daga cikin injinan a ma'aikatun gyaran jirgin ƙasa aka yi su. Tsawon jirgin mita 57 ne kacal, nauyinsa tan 650, gudunsa bai wuce kilomita 28 a awa ba. An raba aikin ga wuraren ƙera jirage guda takwas, aka sa wa yawancin jiragen sunayen ƙananan garuruwan ƙasar. Daidai ruwa daidai tsaki ke nan. Guda 36 na sojojin ruwan Ostireliya ne, 20 Birtaniya ta biya kuɗinsu amma 'yan Ostireliya ke tuƙa su, 4 kuma aka ƙera wa sojojin ruwan Indiya. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a duk labarin, domin da sun dage sai jirgi na gani-na-faɗa, da yaƙin ya iso ƙofarsu suna jiran kayan haɗi daga Ingila.

Cikin jirgin ba ya nutsewa sosai a ruwa, ƙasa da mita uku, kuma da gangan aka yi hakan don ya iya wucewa ta saman nakiyar da aka ɗana wa manyan jirage. Kuɗin wannan dabara matuƙa ne suka biya: jirgin na tangaɗi ba dare ba rana, ga zafi, ga cunkoso, mutum 80 da wani abu a wurin da aka tsara wa ƙasa da haka.

Yanzu ku zo mu tsaya a bayan jirgin mu ga aikin da kansa. Nakiyar ruwa ta gargajiya ƙatuwar ƙwallon ƙarfe ce cike da abin fashewa, an ɗaure ta da igiyar ƙarfe da wani nauyi a ƙasan teku, tana reto 'yan mitoci ƙasa da saman ruwa inda ido ba ya ganinta. A jikinta akwai ƙahonni na dalma, cikin kowanne da kwalbar ruwan batir. Jirgi na gogar ƙahon ya lanƙwashe, kwalbar ta fashe, wuta ta tashi, shi ke nan. Mai shara sai ya saki tasa igiyar ƙarfen daga bayan jirgi, doguwa mai kaifi-kaifi da almakasai a jikinta. Akwai faifan ƙarfe ɗaya da ke danne ta ƙasa, wani kuma yana jan bakinta gefe, nesa da jirgin, sannan wani dogon gwangwani mai tuta yana yawo a sama don a san inda ƙarshenta yake. In igiyar ta ci karo da ta nakiya, sai ta ja ta har bakin almakashi, ta tsinke, nakiyar ta taso sama baƙa ƙirin tana juyi. Daga nan sai a sa bindiga a yi ta harbinta har ta sha ruwa ta nutse, ko ta tashi.

Jiragen kan jeru ne a karkace, kowanne yana bin ruwan da na gabansa ya riga ya share. Na farkon shi kaɗai ba wanda ya share masa. Kuma lokacin da ya fi tayar da hankali shi ne na naɗe igiya da yamma, saboda wani lokaci nakiya kan maƙale a jikinta ba tare da ta tsinke ba, injin yana naɗewa yana jawo ta zuwa gindin jirgin. Sai a sa mutum ya leƙa ruwa, hannunsa a sama, da ya ga wani duhu yana tasowa ya ba da alama a tsayar. Haka za a yi yau, a yi gobe, a yi wata da watanni, yawancin ranakun ba a samu komai ba. Mutanen Borno da Yobe da suka ga masu binciken nakiya suna tafe a gaban ayari taku ɗaya-ɗaya sun san irin wannan haƙurin.

To amma da Japan ta shigo yaƙin a Disambar 1941, sai aka waiga aka ga waɗannan jiragen su ne a hannu. Aka sa su rakiyar ayarin jiragen kaya, farautar jiragen ƙarƙashin ruwa, jigilar sojoji, jan jiragen da suka lalace. Wani abin sun iya: a ranar 20 ga Janairun 1942 ɗaya daga cikinsu, Deloraine, da 'yan uwansa suka nutsar da jirgin ƙarƙashin ruwan Japan mai lamba I-124 kusa da Darwin, tashar ruwa a arewacin Ostireliya. Wani abin kuwa ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba.

Ku ɗauki Bengal, ɗaya daga cikin huɗun Indiya. Ranar 5 ga Nuwamban 1942 ya bar tashar Fremantle ta yammacin Ostireliya yana rakiyar jirgin dakon man Holan mai suna Ondina a Tekun Indiya, tekun da sojojinmu na Afirka ta Yamma suka ratsa daga shekarar da ta biyo baya a hanyarsu ta zuwa yaƙin Bama. Igwa ɗaya ce a gaban Bengal, mai bakin milimita 76, da harsasai kimanin 40. Ranar 11 ga wata suka yi kiciɓis da jiragen Japan biyu, Hokoku Maru da Aikoku Maru, kowanne ya haura tan 10,000, kowanne da igwa takwas masu bakin milimita 140. Kwamandan Bengal, William Wilson, ya umarci Ondina ta gudu, shi kuma ya juya ya tunkare su. Ondina ba ta da gudu, sai ita ma ta buɗe wuta da igwarta ɗaya. Wani harsashi ya faɗa kan makaman Hokoku Maru, jirgin ya kama da wuta, ya tarwatse ya nutse. Har yau Bengal da Ondina kowa na cewa harsashinsa ne. An kashe kyaftin ɗin Ondina, Willem Horsman, mutanensa suka sauka a kwale-kwale, da Japanawa suka tafi suka koma cikin jirginsu suka lallaɓa shi har Fremantle. Bengal ya isa tsibirin Diego Garcia da ke tsakiyar Tekun Indiya da raunuka. Jarumta ce, ba mai musu. Amma harsashi ɗaya ne ya dace da wuri, kuma da ya kauce da 'yan mitoci da labarin ya zama na ta'aziyya. Ba a gina tsarin yaƙi a kan dace.

Makonni uku bayan haka abin da nake tsoro ya faru da Armidale, shi ma samfurin Bathurst. An tura shi daga Darwin tare da ɗan uwansa Castlemaine zuwa gaɓar tsibirin Timor da ke arewa da Ostireliya, ya kai sojojin Holan ya kwaso mutane, a ruwan da jiragen saman Japan ke shawagi yadda suka ga dama. Tun a hanya aka gan su, aka yi ta kai musu hari. Hedikwata a Darwin ta ce a ci gaba, harin sama abu ne da za a jure. Ranar 1 ga Disamba da rana aka same shi da makamai masu tafiya cikin ruwa, ya kife cikin 'yan mintoci. Mutum 149 ne a ciki, 49 suka rayu.

A nan ne labarin Teddy Sheean ya fito, matuƙi a Armidale, yaro ɗan shekara 18 daga tsibirin Tasmania na Ostireliya. An ba da umarnin kowa ya fita, jiragen sama suna bin waɗanda ke cikin ruwa da harbi. Shi da ya riga ya ji rauni, sai ya koma kan bindigar harbo jirgi ta baya, ya ɗaura ɗamararta a jikinsa, ya ci gaba da harbi har ruwa ya rufe shi. Ya harbo jirgi ɗaya. Sai a 2020, bayan shekara 78, aka ba shi lambar Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma, kuma ya cancance ta tun ranar farko. Abin da ke damuna shi ne yadda hasken wannan lambar ke rufe tambayar da ta fi nauyi: wa ya tura jirgi mai gudun kilomita 28 cikin wannan ruwan da rana tsaka, bayan an san an gan shi?

Na san amsar da za a ba ni, cewa a 1942 Ostireliya ba ta da zaɓi, abin da ke hannu da shi ake yaƙi. Na yarda da wannan a kan rakiyar ayari da jigila. Ban yarda da shi a kan Armidale ba, kuma hujjata tana cikin watan nan na Disamba. Bayan asarar, aka ba jirgin yaƙin Holan mai suna Tjerk Hiddes wannan aikin, jirgi mai ninkin gudun Armidale, wanda ke iya ratsa wuri mai haɗari cikin duhu ya fito kafin gari ya waye. Ya yi sawu uku, ya kwaso ɗaruruwan mutane, ya dawo lafiya. Ashe akwai jirgin da ya dace, sai da mutum 100 suka tafi aka nemo shi.

Da yaƙi ya ƙare a 1945 manyan jirage suka koma gida aka yi musu biki, masu shara kuwa a lokacin nasu aikin ya dawo sabo. Dubban nakiyoyi na kwance a teku, ciki har da waɗanda Ostireliya da kanta ta shuka da jirginta Bungaree don toshe mashigun da ke arewa maso gabashin ƙasar. Nakiya ba ta san an sa hannu kan sulhu ba, ba ta kuma san wanda ya ɗana ta ba. Ranar 13 ga Satumban 1947 Warrnambool, wani samfurin Bathurst wanda ya tsira daga harin da aka kai Darwin a 1942, yana cikin share ɗaya daga cikin waɗannan filayen a gaɓar Queensland ya taka nakiyar ƙasarsa. Mutum huɗu suka rasu, jirgin ya nutse. Sauran jiragen ayarin suka ci gaba da jan igiya a wannan ruwan, kuma sai cikin 1948 aka kammala sharar.