Ƙuri'arka Shaida Ce, Ɗalibi

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwana ɗalibai na Katsina, na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Al-Ƙalam da Dutsin-Ma, har da ƙannenmu na Daura, ga 'yar nasiha. Ni ma da nake rubuta ta ban fita ba.

Ranar zaɓen ƙungiyar ɗalibai a makarantarmu, na bi ta wurin jefa ƙuri'a bayan Azahar. Wallahi layin mai awara ya fi layin zaɓe tsawo. Na tambayi wani abokina ko ya jefa, sai ya yi tsaki ya ce, "Malam, rabu da su, duk kanwar ja ce." Bayan wata biyu famfon hostal ya ƙafe, kuma babu wanda ya kai shi zagin shugabannin SUG, wato ƙungiyar ɗalibai, wai sun yi shiru.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 283, kada ku ɓoye shaida, wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. Ayar ta zo ne kan bashi da jingina, amma malamai da dama suna kafa hujja da ita a kan zaɓe. Ni kuwa a ganina babu zaɓen da ya fi na makaranta kama da shaida. Ɗan takarar gwamna a fosta kake ganinsa. Ɗan takarar makaranta kuwa kun kwana ɗaki ɗaya, kun ci garau-garau a kwano ɗaya. Ka san wanda aka ba kuɗin hoton takardu na aji ya dawo da canji, ka san wanda har yau ana bin sa. Ka san mai tashi Asuba, ka san wanda ba ya iya haɗa jimla biyu a gaban malami sai jikinsa ya ɗauki rawa. Ilimin nan yana hannunka, sai ranar da aka nemi ka faɗe shi ka ja bargo.

Ma'aunin ma an ba mu shi. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, ɗiyar dattijon Madyana ta ce wa mahaifinta game da Annabi Musa (AS), mafi alherin wanda za ka ɗauka aiki shi ne mai ƙarfi, amintacce. Ba ta ce ɗan garinmu ba, balle wanda ya raba mana data daren zaɓe.

Sannan akwai kuɗi a ciki. Kuɗin ƙungiya da ake karɓa lokacin rajista ba daga sama ya faɗo ba. Wani mahaifinsa akuya ya kai kasuwar Mai'aduwa, wata mahaifiyarta adashi ta ɗauka. In ka bar mutum ɗari su zaɓa wa dubbai wanda zai riƙe wannan amana, da wane baki za ka yi ƙorafi?

Masu cewa siyasar makaranta wasan yara ce, su tuna hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito: idan mutum uku suka fita tafiya, su naɗa ɗayansu shugaba. Mutum uku kacal, tafiyar da ba ta wuce kwanaki ba. Ina ga shekara huɗu? Kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, sama da mutum miliyan 93 ne suka yi rajista, kimanin miliyan 25 kawai suka fito. Mu da ake ce wa masu ilimi, halin da muka koya a nan shi za mu fita da shi.

'Yan'uwa mata, ku ma da ku nake. Matsalar ruwa da tsaro a hostal ku ta fi ci wa tuwo a ƙwarya, amma a wurin zaɓe sai a ƙirga ku da yatsu.

In an sa ranar zaɓe, je ka wurin muhawarar 'yan takara ka tambaye su yadda za su kashe kuɗin ƙungiya. Washegari ka ɗauki katinka na makaranta, ka tashi abokin ɗakinka ku tafi tare. Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa.